Mahaɗan rahotona duk suna buɗewa, me ya sa PAC ke cewa akwai kuskure?

Wata ma'aikaciya a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna ce ta kawo tambayar. Sun shirya rahotonsu na shekara a Word, rabi da Hausa rabi da Turanci, suka mayar da shi PDF. Masu ba su tallafi daga Turai suka ce sai fayil ɗin ya zama wanda mai lalurar gani zai iya karantawa kafin su karɓa. Da ta saka shi a PAC, manhajar da ke duba ko PDF zai karantu ga masu lalura, ja ya cika mata allo, kuma saƙonni biyu ne suka fi yawa: "Link annotation is not nested inside a Link structure element" da "Alternative description missing for an annotation". Abin da ya ɗaure mata kai shi ne duk mahaɗin da ta danna yana buɗewa lafiya lau. Ta kuma bi su ɗaya bayan ɗaya ta rubuta musu Alt, wato ɗan bayanin da ake karanta wa wanda ba ya gani, a manhajar Acrobat, amma saƙo na biyu ko gezau.

Malama, sannu da ƙoƙari. Mahaɗanki suna buɗewa ne don kina ganinsu, hannunki kuma na kan linzami. PAC ba wannan yake tambaya ba. Damuwarsa ita ce wanda ke sauraren takardar da manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS, yana tafiya da madannai kawai: zai san akwai mahaɗi a wurin? Zai ji inda zai kai shi? In ya buga Enter zai buɗe? Kafin ki taɓa komai, ki fara sanin yadda aka gina mahaɗi a cikin PDF. In kin gane wannan, jan da ya cika miki allo zai koma 'yan matsaloli kaɗan da ke ta maimaita kansu shafi bayan shafi.

A shafin intanet mahaɗi abu guda ne, rubutu da adireshi a ɗaure wuri ɗaya. A PDF kuwa abubuwa uku ne, kowanne na zaman kansa. Akwai rubutun da ido ke gani, shuɗi mai layi a ƙasa. A wurin fayil ɗin wannan fenti ne kawai, bai ma san shi mahaɗi ba ne. Akwai wani akwati marar launi da aka ɗora a kan rubutun, shi ne PAC ke kira annotation, ni kuma zan riƙa ce masa akwatin dannawa. A cikinsa adireshin yake, shi ne kuma ke amsa linzaminki. Na uku shi ne tag mai suna Link, wanda ke zaune a cikin bishiyar tag, wato jerin da ke cewa wannan kan magana ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. Manhajar karanta allo wannan bishiyar take bi, ba fuskar shafin ba. Dole tag ɗin Link ya ƙunshi abubuwa biyu a cikinsa: rubutun, da wani ɗan abu mai nuni zuwa ga akwatin dannawa, wanda Acrobat ke nunawa da sunan "Link - OBJR". Ki ɗauke shi kamar shago: rubutun shi ne allon da aka kafa a sama, akwatin shi ne ƙofa, tag ɗin kuma ɗan jagora ne da zai gaya wa makaho cewa wannan allon na wannan ƙofar ne. Mai ido ba ruwansa da ɗan jagora, shi ya sa ke ba ki ga wata matsala ba.

Dalilin wannan rabe-raben tarihi ne. Adobe ta fitar da PDF a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta, kuma akwatin dannawa na nan tun farkon fari. Tsarin tag sai a 2001 ya zo, cikin PDF 1.4, aka ɗora shi a kan ginin da aka riga aka gama. Ƙa'idar da ke cewa ga yadda ya kamata a haɗa su ita ce PDF/UA, wato ISO 14289-1, da ta fito a 2012. Ƙungiyar PDF Association ta warware ta zuwa jerin bincike mai suna Matterhorn Protocol, mai wuraren dubawa 31 da hanyoyin faɗuwa 136. Wuri na 28 na akwatunan nan ne. Saƙonki na farko shi ne 28-011, na biyu kuma 28-012. PAC, wadda aka fara yinta a Suwizalan kuma kyauta ake ba da ita, wannan jerin take bi.

Shawarata ta farko, wadda na san ba za ta yi miki daɗi ba bayan wahalar da kika sha: ki koma Word. Duk gyaran da kika yi da hannu a cikin PDF yana mutuwa ranar da shugabanki ya ce a canja adadi ɗaya a shafi na uku a sake fitarwa. Gyaran da aka yi a tushe shi ke zama. Ki tabbata kowane mahaɗi an saka shi ta Insert sannan Link, ba rubutu aka shafa wa shuɗi ba. Ki fitar da fayil ɗin ta Save As, ki zaɓi PDF, ki shiga Options ki tabbata an yi wa "Document structure tags for accessibility" alama. Kada ki bi ta Print. Hanyar Microsoft Print to PDF tana ɗaukar takardar ne kamar za ta buga ta a firinta, tag da akwatin dannawa duk sai su zube. Wani abin da ke ruɗin mutane a nan shi ne Acrobat na da wani zaɓi a Preferences mai suna "Create links from URLs", wanda ke sa duk rubutun da ya yi kama da adireshi ya danno ko da babu akwati a bayansa. Mutum sai ya rantse mahaɗinsa na aiki, alhali manhajar da ya buɗe da ita ce ke yi masa alfarma. Ki cire wannan alamar duk lokacin da kike gwaji.

Ke dai naki ba wannan ba ne, tunda PAC na ganin akwatunan yana kuka da su. In Word ya fitar da fayil ta hanyar da ta dace, yawanci yakan haɗa Link da OBJR da kansa a cikin jikin rubutu. Saboda haka in saƙon farko ya yi yawa, ina zargin ɗaya daga cikin abubuwa uku. Ko dai adireshin ƙungiyarku na zaune a ƙasan kowane shafi, ko wani ya ƙara mahaɗai a Acrobat bayan an fitar da fayil, ko an haɗa ɓangaren Hausa da na Turanci, ko an rage nauyin fayil ɗin, da irin shafukan nan na intanet da ake loda musu PDF kyauta. Da yawansu sukan bar akwatunan su yar da bishiyar ko su kakkarya ta. Ki buɗe saƙon a PAC ki duba lambobin shafukan. In kuskure ɗaya ne a kowane shafi, a wuri ɗaya, to na ƙasan shafi ne, ba sai an yi dogon bincike ba.

Na ƙasan shafin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi kowanne yawa a rahotannin ƙungiyoyi. Rubutun sama da na ƙasan shafi, Word na mayar da su abin da ake kira artifact, wato ado ne da mai karanta allo zai tsallake. Hakan daidai ne, ba wanda ke son jin sunan ƙungiya da lambar shafi a tsakiyar kowace jimla da ta tsallaka shafi. Amma akwatin dannawa da ke kan adireshin yana nan, ba shi da tag, kuma PDF/UA ta farko ba ta yarda a bar akwatin da ake gani haka ba. Wasu sukan bi shafi-shafi suna yi wa kowanne tag. PAC zai yi kore, amma an ɗora wa mai sauraro adireshi ɗaya sau adadin shafukan rahoton. Ni abin da nake yi shi ne in cire mahaɗin daga ƙasan shafi a Word, in bar adireshin a matsayin rubutu zalla, sannan in saka mahaɗi na gaske sau ɗaya a shafin farko ko a wurin bayanin tuntuɓa. Da wannan kaɗai za ki ga jan ya ragu sosai.

Waɗanda suka rage, in babu yadda za a yi sai an gyara su a cikin PDF, sai da Acrobat Pro, domin Reader na kyauta ba ya taɓa tag. Ki ajiye kwafi tukuna. Gyaran bishiyar tag ba kullum yake komawa baya ba in hannu ya goce. Ki buɗe sashen Tags, wanda sabon fasalin Acrobat ke kira "Accessibility tags". A menu ɗinsa ki kunna "Highlight Content" don duk tag ɗin da kika taɓa ya nuna miki wurinsa a shafi. Sannan ki zaɓi Find, a cikin jerin ki ɗauki "Unmarked Links", ki ce a bincika dukan takardar. Zai tsaya a kan akwati na farko da ba shi da tag. Ki danna "Tag Element", ki zaɓi Link.

A nan mutane da yawa ke tsayawa su ce an gama, kuma PAC ma zai iya yin shiru. Ba a gama ba. Ki buɗe sabon tag ɗin ki gani: OBJR ne kaɗai a ciki, babu rubutu, kuma sau da yawa ya faɗa wani wuri daban a bishiyar, nesa da sakin layinsa. Mai sauraro zai ji jimlar ta wuce ba a ce masa akwai mahaɗi ba, can daga baya ya ji an ce "link" ba tare da suna ba. Sai ki ja tag ɗin ki kai shi cikin P ɗin, wato tag ɗin sakin layin, da jimlar take. Ki bar shi a zaɓe, ki je shafin ki zaɓi kalmomin mahaɗin daidai, ba ƙari ba ragi, ki dawo menu ki danna "Create Tag from Selection". Acrobat zai yanka jimlar gida uku. A ce jimlar ita ce "Cikakken bayani na cikin rahoton kuɗi na bara, wanda kwamiti ya amince da shi." Abin da ya kamata ki gani a ƙarƙashin P shi ne guntun farko, "Cikakken bayani na cikin", sai tag ɗin Link ɗauke da "rahoton kuɗi na bara" da OBJR ɗinsa, sai guntun ƙarshe da ya fara da waƙafi. In Link ya koma ƙarshe, bayan aya, mai sauraro zai ji jimla mai rami a tsakiya. Ki ja shi ki dawo da shi mazauninsa. In kuma sabon mahaɗi za ki ƙirƙira a Acrobat, ki fara zaɓar tag ɗin da zai zauna a ciki, ki kunna "Tag Annotations" a menu ɗin nan, don akwatin ya shigo bishiyar tun daga haihuwarsa.

Akwai kuma akasin wannan: tag ɗin Link mai rubutu amma babu OBJR. Wannan yakan faru in an goge akwatin aka sake wani. Na'ura ba lallai ta kama shi ba, amma mai sauraro zai buga Enter ya ji shiru. Haka nan ki lura da sunan tag ɗin. Link ne da babban L. Wanda aka rubuta da ƙaramin harafi, ko aka sa masa wani suna irin Hyperlink, sai an duba Role Map, wato jerin da ke fassara sunayen tag, an tabbata Link yake nufi, ba wani tag daban ba.

To, yanzu saƙo na biyu, wanda ya cinye miki lokaci. Ba ki yi kuskure wajen rubuta Alt ba, wurin ne ba shi ba. Akwatin "Alternate Text" da kika cika a Properties na tag ɗin Link ne. Abin da PAC ke nema wani gurbi ne daban mai suna Contents, wanda ke jikin akwatin dannawa kansa. Gurbi biyu ne a abubuwa biyu, kuma Acrobat bai ba Contents wata taga mai sauƙin gani ba. Sigogin Word da yawa kuma sukan bar shi fanko.

Hanya mafi sauri tana cikin Preflight na Acrobat Pro, ƙarƙashin Print Production. Ki zaɓi rukunin PDF Standards, ki shiga jerin gyare-gyare na ɗaiɗai mai alamar sifana, ki nemi "Create content entry for Link annotations", ki gudanar da shi. Cikin ɗan lokaci zai cika gurbin a dukan takardar, PAC ya yi kore. Sai dai ki sani abin da na'ura ta cika ba bayanin da mutum zai rubuta ba ne, cike gurbi ne kawai. Ana iya rubuta shi da hannu ta Properties sannan "Edit Tag", a bi cikin K har a kai ga abin da OBJR ke nunawa, a ƙara sabon gurbi mai suna Contents irin String. Hanya ce mai wuyar sha'ani, kuma kuskure ɗaya a can na iya lalata fayil. Masu yin wannan aiki kullum sukan sayi manhajoji irin axesPDF ko CommonLook don su huta da ita.

Ra'ayina a nan ba kowa zai yarda da shi ba. Ban ga dalilin ɓata kwanaki ana rubuta Contents da hannu ga kowane mahaɗi ba. A aikace, abin da NVDA da JAWS ke furtawa shi ne rubutun da ke cikin tag ɗin Link, ko Alt ɗinsa in an saka. PDF/UA-2 da ta fito a 2024 ma ta sassauta wannan sharaɗin. Ki bar Preflight ya cika gurbin don ƙa'ida ta cika, ƙarfinki kuma ki kai shi inda mai sauraro zai amfana, wato kalmomin mahaɗin kansu.

Mai amfani da NVDA ko JAWS yakan buga Insert da F7 ya ga jerin mahaɗan takarda duka, an cire su daga cikin jimlolinsu. Ki yi tunanin jerin da zai ce "danna nan, danna nan, ƙarin bayani, danna nan". Manhajar bincike ba lallai ta ce wannan kuskure ne ba, amma shi ne babban cikas. WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa masu lalura amfani da intanet, ta yi magana a kansa a sharaɗi na 2.4.4, cewa a iya gane manufar mahaɗi daga rubutunsa ko daga abin da ke kewaye da shi. Maimakon "Don sauke fom, danna nan", ki rubuta "Sauke fom ɗin neman tallafi", mahaɗin ya hau kan kalmomin nan. In fayil ne mai nauyi, ki faɗi irinsa da girmansa a wurin. Wannan ba masu lalurar gani kaɗai yake taimaka ba, har wanda ke lissafin data kafin ya danna.

Alt ɗin da kika riga kika rubuta fa? Ki sake duba su, domin Alt a kan Link maye gurbin rubutun yake yi, ba ƙari ba ne a kansa. In rubutun na cewa "rahoton kuɗi na bara" kika sa Alt "mahaɗi zuwa shafinmu", kin yi gyaran gangar auzinawa: kin ɗauke bayani mai kyau kin sa marar amfani. Inda rubutun ya wadatar, ki goge Alt. Inda yake da amfani na gaske shi ne dogon adireshi tsirara, irin wanda ake sakawa a jerin manazarta ko don wanda zai buga takardar a firinta. Ba wanda ke son a karanta masa haruffa da lambobi da alamomi har layi biyu. A nan ki bar adireshin ga mai ido, ki sa Alt gajere da ke faɗin sunan takardar ko shafin. Kada ki fara da "mahaɗi zuwa", manhajar na faɗin haka da kanta. Kada kuma ki taɓa sa Alt a kan P ko wani tag da Link ke cikinsa, domin zai rufe duk abin da ke ƙasa, har da mahaɗin. Binciken Acrobat na da layi na musamman don wannan, "Hides annotation".

Mahaɗin da ya karye zuwa layi biyu yakan zo da akwati biyu, ɗaya a kowane layi. Ba laifi ba ne, muddin OBJR biyun suna cikin tag ɗin Link guda tare da rubutun duka, kuma wuri ɗaya suke kaiwa. Laifin shi ne a sami Link biyu, kowanne da rabin magana, mai sauraro ya ji "rahoton ku" a matsayin mahaɗi ɗaya, sauran a matsayin wani. Ki haɗe su, ki goge fankon da ya rage. In hoto ne ake dannawa, kamar tambarin ƙungiya ko alamar Facebook, tag ɗin hoton, wato Figure, ya shiga cikin Link tare da OBJR, Alt ɗinsa kuma ya faɗi inda za a je, "Shafinmu na Facebook", ba kamannin hoton ba. A jerin abubuwan da ke ciki kuwa, kowane layi tag ne mai suna TOCI a ƙarƙashin TOC, tag ɗin jerin duka, mahaɗin na cikinsa. In kin bar Word ya gina jerin daga kanun da aka yi da Heading, yawanci ba za ki taɓa shi ba. Wanda aka buga da hannu ana jera ɗige-ɗige shi ke ba da wahala, kuma sake shi a Word ya fi gyara shi sauƙi.

Biyu ƙanana da za su iya fitowa bayan kin gyara manyan. In PAC ya yi maganar "Tab order", ki buɗe ƙananan hotunan shafuka, ki zaɓe su duka, ki shiga Page Properties, ki ɗauki "Use Document Structure". Wannan ke sa maɓallin Tab ya bi mahaɗai bisa jerin bishiyar. In kuma ya ce "Path object not tagged" a kusa da mahaɗi, sau da yawa layin nan ne na ƙarƙashin rubutu, sai ki mayar da shi artifact a sashen Content. Amma kada ki cire layin don gudun kuskure. Mai matsalar bambance launi da shi yake gane mahaɗi, kuma WCAG 1.4.1 ta hana a dogara da launi kaɗai.

Tunda rabin rahoton da Hausa yake, akwai abin da takardun koyarwa na Turai ba za su gaya miki ba. Har yanzu akwai ofisoshi da maɗaba'u da ke amfani da tsofaffin fon na Hausa da aka yi kafin Unicode ya yaɗu, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan alamomi. Ido na ganin ƙ, amma abin da ke cikin fayil } ne. Ido na ganin ɗ, a ciki ] ne, ɓ kuma ~ ne. Mahaɗin da kike gani "ƙungiyoyin da muke aiki da su" zai isa kunnen mai sauraro da sunan wata alama a farkonsa, sannan "ungiyoyin". PAC ba zai ce uffan ba, don a wurinsa harafi ne halastacce. Gwajin ba wuya: ki kwafi jimla ɗaya daga PDF ki manna a Notepad. In kin ga }asa maimakon ƙasa, sai an koma Word an musanya su da haruffan Unicode na gaske, a sa fon mai ɗauke da su. Haka duk Alt ko Contents da kika rubuta da Hausa, ki adana, ki rufe fayil, ki sake buɗewa ki ga ko masu lanƙwasar sun tsira. Tsohon tsarin haruffa na PDF ba shi da su, sai manhajar ta rubuta su da Unicode.

Sai harshe. A Properties na takarda, ƙarƙashin Advanced, ki sa harshen da ya fi rinjaye. Ɓangaren ɗaya harshen kuma ki sa masa nasa a kan tag ɗin da ya ƙunshe shi. Lambar Hausa ita ce ha, kuma ana iya rubuta ta da hannu in ba ta cikin jerin zaɓi. Mahaɗin Turanci a tsakiyar jimlar Hausa, kamar sunan wata takarda ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma a sa wa tag ɗinsa en, don manhajar ta san da wane lafazi za ta furta shi. Ya fi sauƙi ki yi wannan tun a Word, ta hanyar zaɓar rubutun ki saita masa harshe a Review.

Wani abu da ya kamata ki yi tun yau: ki tambayi masu tallafin wace ƙa'ida suke nufi. Turawan Tarayyar Turai galibi EN 301 549 suke bi, wadda ta ginu a kan WCAG mataki na AA, kuma tana da sashe na musamman kan takardun da ba shafin intanet ba. Hukumomin gwamnatin Amurka Section 508 suke bi, wadda aka sabunta a 2017 ta ɗauki WCAG 2.0. WCAG ba ta ambaci gurbin Contents ba, PDF/UA ce ta wajabta shi. PAC na nuna sakamakon biyun a wurare daban, don haka in kin san wanda ake nema, kin san jan da ya zama dole ki kashe da wanda za ki iya yi wa bayani. In kuɗin Acrobat Pro ya fi ƙarfin ofis, LibreOffice kyauta ne, kuma tun siga ta 7.0 a 2020 yana da zaɓin PDF/UA a wurin fitar da fayil. Ki buɗe takardar Word ɗin a ciki, ki duba ko tsarin shafukan bai goce ba, ki fitar, ki gwada a PAC ki kwatanta.

Bayan duk wannan, ki saurari takardar. NVDA kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka gina ta, aikin da aka fara a 2006. Ki buɗe fayil ɗin a Acrobat Reader, domin burauza kowacce da yadda take fassara tag. In muryar ta yi miki sauri, ki kunna Speech Viewer a ƙarƙashin Tools, zai rubuta miki duk abin da take faɗa. Ki ture linzami gefe. Harafin K zai kai ki mahaɗi na gaba, Shift da K ya mayar da ke baya. A kowanne ki ji sunan da aka furta, ki buga Enter ki ga ko ya kai inda ya ce, domin PAC ba zai gaya miki cewa adireshin da kuka saka bara ya mutu ba, ko cewa "shafi na 12" a jerin abubuwan ciki yana kaiwa na 14. Sannan ki karanta sakin layi biyu ko uku masu mahaɗi da kibiyar ƙasa, ki ji ko jimlar na tafiya a jere. In a cikin abokan aikinku ko waɗanda kuke yi wa hidima akwai mai amfani da irin wannan manhaja yau da kullum, ki ba shi fayil ɗin ya gwada, a kuma biya shi ladan aikinsa, don zai kama abin da ni da ke za mu tsallake.

Alamar PDF/UA da ake sakawa a bayanan fayil, wadda ita ma Preflight ke iya sakawa, ita ce ta ƙarshe. Shaida ce cewa takardar ta cika ƙa'ida, ba ita ke cika ta ba. Ki sa ta bayan kin gama gyara da saurare, kuma daga nan kada wanda ya sake bi da fayil ɗin ta wata manhajar rage nauyi kafin a tura. In nauyi ne matsalar, a rage girman hotunan tun a Word a sake fitarwa.